Tarabulus, Tashar Teku ta Mutanen Damargu

A yau kayan kantin da ke shiga kasuwannin Falanko, da Tanut, da Belbeji daga kudu su ke fitowa. Wannan sabon al'amari ne. Har farkon ƙarni na 20, tashar teku ta Damargu a arewa ta ke, wato birnin Tarabulus na gaɓar Bahar Rum. Ayari kan taso daga Kano, ya biyo ta Damagaram, ya yi zango a Damargu, sa'an nan ya hau Abzin, ya wuce Gat da Gadamus kafin ya ga ruwa. Tafiyar watanni ce, a bisa raƙuman Kel Ewe.

Ba a ratsa Damargu sai an tsaya, domin ita ce rumbun gero na ƙarshe kafin hamada. Nan Abzinawa ke sayen hatsi, nan kuma a ke samun gashin jimina, wanda Turai ta yi ta nema a ƙarshen ƙarni na 19, har Larabawan arewa suka zauna a Jajiduna saboda shi. A Tagelel ta Damargu ne Barth, da Richardson, da Overweg suka rabu cikin Janairu 1851, bayan sun taso daga Tarabulus a watan Maris 1850.

Birnin da falke kan tarar a ƙarshen hanya tsoho ne ƙwarai. Finisiyawa suka kafa shi da sunan Oya, tun kafin haihuwar Annabi Isa da ƙarnuka. Sunan Tarabulus kuwa daga Girkanci ya fito, ma'anarsa birane uku: Oya, da Sabrata, da Labda. Daga zamanin Rumawa akwai sauran ƙofar marmara ta sarki Markus Oreliyus, ta ƙarni na 2, tana tsaye kusa da tashar jiragen ruwa. Amru ɗan Asi ya ci garin wajen 643. Mutanen Sipaniya suka kama shi a 1510, Turkawa suka ƙwace a 1551, gidan Karamanli ya riƙe shi daga 1711 zuwa 1835, sa'an nan ya koma hannun Santambul kai tsaye.

Mai ziyara a tsohon gari zai ga Jar Fada, wadda Larabawa ke kira Saraya Hamra, tana fuskantar teku. Zai ga masallacin Ahmad Basha Karamanli, da na Gurji wanda aka gina wajen 1834, da masallacin Naƙa, wato na taguwa, wanda a ke ɗauka shi ne mafi daɗewa. Amma abin da ya fi shafar tarihin Damargu shi ne kasuwanni masu rufi, irin su Kasuwar Turkawa, da masaukan fatake inda a ke kwance kaya. Can a ke auna hauren giwa, da kirgi, da gashin jimina. Can kuma a ke sayar da bayi. Dokar Turkawa ta 1857 ta hana cinikin, amma bai mutu nan da nan ba.

Ga mai nazarin harshe, shaidar wannan hanya tana cikin bakin mutane. Alharini da mulufi sun shigo tare da sunayensu na Larabci. Takarda kuwa, asalinta kalmar Rumawa ce, amma harafin ta- na farkonta ya nuna ta bakin Abzinawa ta biyo. Ita kanta takardar da malamai ke rubutu a kai, mai tambarin jinjirin wata uku, a Italiya a ke yin ta, ta sauka a Tarabulus. Kalmar Bature ma, da can Balaraben arewa a ke nufi da ita, shi ya sa unguwar Larabawa a Kano ta ke da sunan Dandalin Turawa. 

Hausa ita ma ta isa gaɓar teku. Dorugu, yaro ɗan ƙasar Damagaram, ya shiga Tarabulus tare da Barth cikin Agusta 1855, ko da ya ke ta hanyar Barno da Fezan suka bi, kuma labarin tafiyarsa ya fito da Hausa cikin littafin Schön mai suna Magana Hausa a 1885. Tremearne kuma ya tarar da Hausawa masu bori a Tunis da Tarabulus, ya buga bincikensa a 1914. Yawancinsu bayi ne da aka ƴanta, ko zuriyarsu.

Hanyar ta mutu cikin ɗan lokaci. A 1911 Italiya ta kama Tarabulus, a shekarar nan kuma dogo ya iso Kano, ɗaukar kaya ta jirgin ƙasa ta fi ta raƙumi araha nesa ba kusa ba. Zuwa 1914 kasuwar gashin jimina ta faɗi a Turai. Geron Damargu dai ya ci gaba da hawa Abzin, amma alharini da takarda suka koma shigowa ta kudu.