Zaman baƙunci a Tailan: jawabin ɗan Jimeta ga mai shirin tafiya

Tun da na dawo gida Jimeta waya ba ta barina in huta. Wannan ya ce zai je Bankok saro tufafi, wancan ya ce dutse zai kai, kowa tambayarsa ɗaya: yaya ake zama da mutanen can? Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Ni dutsen safaya na tsaunin Mambila ne ya kai ni. Tun ana jihar Gongola, kafin a raba ta zuwa Adamawa da Taraba a 1991, iyayenmu na Yola suke hulɗa da Gembu da Nguroje, kuma yawancin dutsen da ya fito can a Tailan ake gasa shi a yanka. Abin da na koya a zamana bai wuce biyu ba: takardunka su cika, zuciyarka ta yi sanyi.

Kafin ka tashi

Ɗan Najeriya ba ya shiga Tailan sai da biza. Ofishin jakadancinsu yana Abuja, kuma daga farkon 2025 ta intanet ake nema. Za a bukaci takardar wankewa daga hukumar NDLEA da katin rigakafin shawara. Tun 1 ga Mayu 2025 akwai kuma katin shiga ƙasa da ake cikewa ta waya kafin a sauka. Dokokin nan suna sauyawa, don haka ka ji daga bakin ofishin jakadanci, kada ka tsaya ga maganar dillali. Ba jirgin da ke zuwa kai tsaye. Mu daga Yola sai mu sauka Abuja ko Legas, sannan mu bi ta Adis Ababa ko Doha. Agogonsu yana gaban namu da awa 6. Kalandarsu kuma ta addinin Buda ce, tana gaban tamu da shekara 543, wato 2025 ita ce 2568. Ka lura da wannan a kan rasit da takardar haya.

Babban gargaɗi: kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko ɗan unguwarku ne. Dokar ƙwaya a can tana iya kai mutum ga ɗaurin rai da rai ko kisa, kuma "wallahi ban san abin da ke ciki ba" ba ta fitar da kowa. Shisha da taba mai batir ma haramun ne shigo da su tun 2014.

Takardu bayan ka sauka

Ranar da aka buga maka a fasfo, ita ce ranarka. In ka wuce, tarar baht 500 ce kowace rana har ta kai 20,000. In ka wuce kwana 90 ka miƙa kanka, shekara ɗaya ba ka sake shiga. In kuwa kama ka aka yi, ko da kwana kaɗan ka ƙara, haramcin shekara biyar ne, bayan zaman da za ka yi a gidan tsare baƙi har ka sami kuɗin tikiti. Na san wani yaro namu da jarinsa kaf ya ƙare a wannan hanya, saboda ya ce bari ya jira dutsensa ya yi kuɗi tukuna.

Mai gidan da ka sauka, ko otal, dole ya sanar da hukumar shige da fice cikin awa 24. Sunan takardar TM30. Ka tambaye shi shaidar, don za a neme ta ranar da ka je ƙarin kwana. Mai dogon zama kuma yana kai rahoton inda yake duk kwana 90, in ya makara tarar baht 2,000. Babban ofishinsu na Bankok yana Chaeng Watthana. Kada ka yi aikin albashi ko ka kasa kaya a titi ba da izinin aiki ba. Talla a titi da aski suna cikin sana'o'in da aka keɓe wa 'yan ƙasa. Fasfonka kuma ya kasance kusa da kai kullum, don baƙar fata an fi tare shi a hanya. Gaskiya ce mai ɗaci, amma gara ka ji ta daga gare ni.

Halin mutanen

Nan ne tashina a Yola ya taimake ni. Duk wanda ya zauna da Fulanin Adamawa ya san pulaaku: kunya, haƙuri, da ƙin nuna fushi a gaban jama'a. To, mutanen Tailan haka suke, har suna da kalmar "jai yen", wato sanyin zuciya. Mu da muka saba da cinikin kasuwar Jimeta ko na Mile 12, inda ake ɗaga murya a yi rantsuwa sannan a daidaita a yi dariya, sai mu yi hattara.

Watana na farko wani mai saye ya yi wa dutsena tayin wulaƙanci. Na buga tebur, na ce ai wannan raini ne. Mutumin ya yi murmushi kawai, ya tura min kayana. Na ɗauka ya ji tsoro. Ashe na zubar masa da mutunci a gaban yaransa, kuma daga ranar duk layin nan ba wanda ya ƙara duba kayana sai da wani dattijo ɗan Gini ya shiga tsakani. Murmushinsu ba kullum yarda ba ne, wani lokaci sallama ce.

Ga sauran abubuwan kiyayewa. Kada ka taɓa kan mutum, ko yaro ne. Kada ka miƙe ƙafa tana kallon mutum ko gunkinsu, kada kuma ka nuna abu da ƙafa. Cire takalmi a ƙofar gida, wannan dai mun saba. Gaisuwarsu haɗa tafin hannu ne a ƙirji. In ba ka so, murmushi da ɗan sunkuyar da kai ya wadatar. Namiji yana rufe magana da "khrap", mace da "kha", ladabi ke nan. Mace ba ta taɓa limamin Buda mai jan-ɗorawar riga. Ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma in ka ji taken ƙasa a tashar jirgi, ka tsaya cik kamar kowa.

Maganar sarki kuwa, rufe bakinka gaba ɗaya. Yadda ba ka zagin Lamiɗo a ƙofar fadar Yola, can abin ya wuce ladabi, doka ce: sashe na 112 ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15, kuma rubutu a Facebook yana ciki. Hotonsa ne a kuɗinsu, don haka in takarda ta faɗi kada ka taka ta.

Abinci da salla

Naman alade da mansa suna cikin abincin titi da yawa. Ka haddace "mai kin mu", ma'ana ba na cin alade, amma abin da ya fi shi ne ka nemi tambarin halal na majalisar Musulunci ta ƙasar, ko rumfar mace mai hijabi. Musulmi suna da yawa a Bankok. Akwai masallacin Haroon a Bang Rak, kusa da Silom inda 'yan dutse suke, da Darul Aman ba nisa da kasuwar tufafi ta Pratunam. A Sukhumvit layi na 3, wurin da ake kira Nana, za ka sami abincin Larabawa da na Afirka. Ruwan gora ake sha. Shinkafa kam sai ka gaji, amma ka tafi da yajinka da kuka.

Zirga-zirga da yanayi

Ta hagu suke tuƙi, don haka ka fara duba dama kafin ka tsallaka titi. Jirgin sama-da-titi da na ƙarƙashin ƙasa sun fi tasi sauri. Kasuwar dutse ta Chanthaburi tana da nisan kusan kilomita 250 daga Bankok, tana ci Juma'a zuwa Lahadi. Zafin Afrilu ba zai ba ɗan Yola tsoro ba, sai dai nasu da gumi kamar na Legas. Daga 13 zuwa 15 ga Afrilu bikin Songkran ne, ana watsa wa kowa ruwa, ofisoshi a rufe. Ka sa fasfo da waya a leda, kada kuma ka yi faɗa da wanda ya jiƙa ka.

Ku da kuke zaune a kudu kun riga kun san cewa laifin mutum ɗaya zango duka yake shafa. Can ma haka ne, sai dai babu Sarkin Hausawa da zai je ya yi belinka. Da ka sauka ka nemi lambar ofishin jakadancin Najeriya da ke Bankok, ka bar kwafin fasfonka a wurin wani a gida. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku da riba.