Cutar mantuwa a Zangon Kwatano: yadda ake horar da masu kula da tsofaffi

Cutar mantuwa, wadda a gida ake ce wa gigin tsufa, ba ta da maganin da ke warkar da ita zuwa yanzu. Abin da ake iya yi shi ne taimaka wa tsoho ya ci gaba da alwala da cin abinci da sa tufafi da kansa, iya tsawon lokacin da zai yiwu. Akwai fannin kiwon lafiya da ya ƙware a wannan aiki, wanda ake kira ergothérapie da Faransanci, wato farfaɗo da marar lafiya ta hanyar ayyukansa na yau da kullum. Ba a iya koyonsa a aji kaɗai, sai ɗalibi ya yi sanin makamar aiki, abin da a nan ake ce wa sitaj.

Mece ce cutar mantuwa?

Lalacewar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ce ke kawo ta. Ba maita ba ce, ba kuma kowane tsoho ne ke kamuwa da ita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da ita, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami ko matsakaicin ƙarfin arziki. Nau'in da ya fi yawa shi ne Alzheimer, sunan likitan Jamus da ya bayyana cutar a 1906. Wani nau'in kuma toshewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa ce ke jawo shi, shi ya sa hawan jini da ciwon suga ke ƙara haɗarin kamuwa.

A Benin an yi bincike a kai tare da Jami'ar Limoges ta Faransa. Wanda aka wallafa a 2009 ya sami cutar a kashi 2.6 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama a karkarar Djidja. Na 2011, wanda ya duba tsofaffi sama da 1,100 a Kwatano, ya sami kashi 3.7 cikin 100.

Abin da ɗalibi ke koyo

Ƙungiyar duniya ta masu wannan sana'a, wadda aka kafa a 1952, ta gindaya cewa sai ɗalibi ya yi aƙalla sa'a 1,000 yana aiki da marasa lafiya a ƙarƙashin kulawar ƙwararre kafin a ba shi shaida. A ɓangaren cutar mantuwa, horon ya ƙunshi abubuwa huɗu.

Na farko, lura. Ɗalibi zai kalli tsoho yana aikin da ya saba, ya gano daidai inda ya kakare. Mai alwala da ya tsaya bayan wanke fuska bai manta alwala gaba ɗaya ba, mataki na gaba ne ya ɓace masa.

Na biyu, sauƙaƙa aiki. A rarraba shi gaɓa-gaɓa, a ajiye buta da darduma wuri guda kullum, a miƙa riga ɗaya maimakon a buɗe masa akwati cike da kaya.

Na uku, gyara gida. A sa fitila a hanyar banɗaki, a kau da abin da zai sa tuntuɓe, a ɓoye ashana da magunguna, a rufe tukunyar gas.

Na huɗu, koyar da mai jinya, wadda galibi mata ce ko 'ya ko suruka. Gardama da tsoho kan abin da ya manta ba ta haifar da komai sai fushi. Gara a yi masa gajeriyar magana, tambaya ɗaya a lokaci guda.

Wannan tsari ya fi yin tasiri a cikin gida. Wani bincike da aka yi a Holan, aka wallafa a 2006, kan marasa lafiya 135, ya nuna cewa ziyara 10 cikin mako 5 ta inganta ayyukan tsofaffin, ta kuma ƙara wa masu jinyarsu ƙwarin gwiwa. A Faransa, shirin yaƙi da Alzheimer na 2008 zuwa 2012 ya kafa tawagogin da ke zuwa gida sau 12 zuwa 15.

Ina ake karatun?

A maƙwabciya Najeriya akwai makarantar gwamnatin tarayya ta wannan fanni a Oshodi da ke Legas, ana kuma yin digiri a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife. Wanda ya kammala digiri yakan yi shekara guda yana sanin makamar aiki a asibiti kafin ya sami cikakken lasisi. Jami'ar Gana ta fara nata digirin a 2012. A Faransa karatun shekara 3 ne. A Kwatano kuwa, Tsangayar Kimiyyar Lafiya ta Jami'ar Abomey-Calavi tana horar da masu gashin ƙashi, fannin da ke aiki kafaɗa da kafaɗa da wannan.

Me ya sa ya shafi Zango?

Babban dalili shi ne harshe. Idan cutar ta yi nisa, harsunan da mutum ya koya da girma sukan riga na uwa zubewa. Dattijon da ya shekara arba'in yana ciniki da Faransanci da Fon a kasuwar Dantokpa yana iya wayar gari ba ya jin komai sai Hausa. Ma'aikacin da ba ya jin Hausa zai iya ɗaukar shirunsa a matsayin tsananin cuta. Haka ma gwajin ƙwaƙwalwa da ke buƙatar karatun boko yakan kayar da malamin da ya haddace Alƙur'ani amma bai taɓa shiga lakwal ba.

Dalili na biyu shi ne sanin rayuwar unguwa. Salloli biyar suna tsara wa tsoho wuninsa fiye da agogon bango, kuma abin da aka haddace tun ƙuruciya yakan daɗe bai goge ba. Hana dattijo zuwa babban masallacin Zango saboda tsoron 'yan zemijan yana iya ƙara masa damuwa. Abin da ya fi shi ne a haɗa shi da ɗan rakiya, a sa takarda mai lambar wayar gida a aljihunsa. Ɗalibin da ya tashi a Zango ya riga ya san waɗannan, ya kuma san yadda ake sallama a gida mai kulle. Saboda haka matasan unguwa da ke neman fannin lafiya suna da abin da littafi ba ya bayarwa.

Shawara ga iyalai

Idan tsoho ya fara maimaita tambaya, ko ɓata hanya a unguwar da ya sani, ko rikita lissafin kuɗi, a kai shi wurin likita, domin wasu cututtukan da ake iya magancewa suna kama da wannan. A Kwatano akwai sashen ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a babban asibitin koyarwa na Hubert Koutoukou Maga, da kuma asibitin lafiyar ƙwaƙwalwa na Jacquot. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya, musamman tare da zazzaɓi ko shanyewar ɓarin jiki, ta gaggawa ce, kada a bari ta kwana.