Ƙuruciyar Abu Raihan Al-Biruni da Mafarin Bincikensa a Ilmin Falaki

Masu rubuta tarihin Abu Raihan Muhammad bin Ahmad Al-Biruni sun fi mayar da hankali ga manyan littattafan da ya wallafa a Gazna bayan ya manyanta, irin su Al-Ƙanunul Mas'udi da littafinsa a kan ƙasar Hindu. Sai dai wanda ya bi sawun rayuwarsa zai tarar cewa tafarkin da ya ɗaukaka shi ya riga ya kafu tun bai cika shekara talatin ba. Wannan maƙala za ta dubi waɗannan shekaru na farko.

An haifi Al-Biruni a shekara ta 362H (973M) a yankin birnin Kath na ƙasar Khawarizim, gefen kogin Jaihun, cikin Uzbekistan ta yau. Ya tashi a hannun Abu Nasr Mansur bin Iraƙ, wani basarake daga gidan mulkin ƙasar, wanda ya shahara a lissafi da falaki. A wurinsa ya koyi handasa da hanyoyin lissafin tafiyar rana da taurari.

Yana ɗan shekara 17 ya yi awonsa na farko da tarihi ya adana. Ya yi amfani da wani zobe mai alamomi a kowace rabin daraja, ya auna tsayin rana a lokacin zawali, daga nan ya fitar da abin da malaman falaki ke kira ardul baladi, wato nisan garin Kath daga layin da ya raba duniya gida biyu. Sanin wannan nisa shi ne ginshiƙin lissafin lokutan salla na kowane gari, kuma rabin abin da ake bukata ke nan wajen fitar da alƙibla.

A shekara ta 385H (995M) yaƙi ya ɓarke a Khawarizim, sarkin Jurjaniyya ya kifar da gidan da malaminsa ya fito, Al-Biruni ya bar gida. Ya sauka a birnin Rayyu, kusa da Tehran ta yanzu, cikin ƙuncin rayuwa. A can ya sadu da Al-Khujandi, wanda ya gina wata katafariyar na'urar awon rana da ake kira Sudusul Fakhri. Al-Biruni ya nazarci na'urar, daga baya kuma ya bayyana cewa ƙofar da haske ke shiga ta cikinta ta ɗan nutse da kimanin taƙi guda, abin da ya jawo kuskure a sakamakon awon. Girman na'ura da darajar mai ita ba su hana shi bin diddigi ba.

Bayan ya koma Kath, sai ya shirya da Abul Wafa Al-Buzjani, babban malamin lissafi na Bagadaza, cewa kowannensu zai lura da husufin wata na ranar 24 ga Mayu, 997M (387H) a garinsa. Hikimar ita ce, husufi yana aukuwa a lokaci guda ga duk mai ganin wata, amma sa'ar kowane gari daban take. Da suka gwama awonsu, sai suka sami bambancin kimanin sa'a ɗaya. Tun da duniya da'ira ce mai daraja 360, kuma yini da dare sa'a 24 ne, sa'a ɗaya tana daidai da daraja 15. Ta haka suka san tazarar garuruwan biyu daga gabas zuwa yamma, wadda ita ce ɗaya rabin lissafin alƙibla. A lokacin Abul Wafa ya haura shekara hamsin da biyar, abokin aikinsa kuwa bai kai ashirin da biyar ba.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma ya aika wa Ibnu Sina, wanda Al-Biruni ya girme shi da kimanin shekara bakwai, tambayoyi goma sha takwas, goma a kan littafin Arisɗo game da sama, takwas a kan wasu mas'alolin ɗabi'a. Ya tambaya me ya sa ƙanƙara take yawo a kan ruwa, kuma idan sanyi yana sa abubuwa su tsuke, me ya sa tulun da aka cika da ruwa yake fashewa idan ruwan ya daskare. Ya kuma soki hujjar da Arisɗo ya kafa wajen kore yiwuwar falaki ya kasance mai siffar ƙwai. Ibnu Sina ya amsa yana kare mazhabar Arisɗo, Al-Biruni bai gamsu ba ya mayar da raddi, har almajirin Ibnu Sina, Al-Ma'asumi, ya karɓi muhawarar.

Amfanin wannan tarbiyya ya bayyana a shekara ta 416H (1025M), lokacin da ya kammala littafinsa Tahdidu Nihayatil Amakin, inda ya bi lissafi daki-daki har ya fitar da alƙiblar birnin Gazna, yana dogaro da awon da ya tara tun yana saurayi.

Abin lura ga ɗalibin ilmin addini shi ne, mas'alolin lokutan salla da alƙibla da ganin wata ba su gushe suna gaban malamai ba. Fiƙihu yana bayyana hukunci, amma tabbatar da inda Ka'aba take daga wani gari aikin awo ne da lissafi. Al-Biruni ya iya wannan aiki ne domin ya sami malamin da ya miƙa masa na'ura tun yana yaro, da manyan da ba su raina tambayarsa ba. Allah ne mafi sani.