Bindiga Mai Bututu Biyu Iri Daban: Tarihin Ƙirarta a Gidajen Maƙeran Jamus da Ostiriya

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bin sawun wata irin bindigar farauta wadda aka harhaɗa bututu iri biyu a ƙota guda, wato bututu mai sulɓin ciki da kuma bututu mai tsaga a ciki. Manufar ita ce a nuna cewa dokar farauta ce ta haifar da bukatar wannan bindiga, kuma ko da yake a gidajen maƙera aka riƙa ƙera ta, aiki ne na hannu da yawa wanda hukuma ta sa wa ido. Daga ƙarshe za a duba yadda wannan tarihi ya bar tabonsa a kalmomin Jamusanci, da abin da ya sa Hausa ta bi wata hanya dabam.

2.0 Bambancin Bututun Biyu

Bututu mai sulɓi yana watsa ƙananan ƙwayoyin dalma masu yawa a harbi guda. Saboda haka ya dace da abin da ke tashi sama ko yake gudu a kusa, kamar zomo da agwagwar ruwa. Shi kuwa ɗayan, an yanka wa cikinsa tsaga mai murɗewa, wadda ke sa harsashi guda ya fita yana juyawa, ya yi nisa bai kauce ba. Da shi ake harbin barewa da aladen daji. An san dabarar yanka wannan tsaga a ƙasashen Jamusawa tun wajen ƙarshen ƙarni na 15 da farkon na 16. Matsalar maharbi ita ce bai san dabbar da za ta ɓullo masa ba, kuma ɗaukar bindiga biyu a daji nauyi ne.

3.0 Dokar Farauta Bayan 1848

Kafin shekarar 1848, farauta a yawancin ƙasashen Jamus da Ostiriya haƙƙin sarakuna da masu sarauta ne, ko da kuwa a gonar talaka dabbar take. Juyin juya halin wannan shekara ya rushe wannan gata, aka ɗaura haƙƙin farauta a kan mallakar ƙasa. Ba a daɗe ba namun daji suka soma ƙarewa, sai masarautar Furusiya ta kafa doka a 1850 wadda ta ƙayyade mafi ƙarancin faɗin filin da mutum zai iya farauta a cikinsa shi kaɗai. Ƙananan gonaki kuwa aka haɗa su yanki-yanki ana ba da haya.

Wannan tsari ya samar da sabon irin maharbi. Mutum ne mai yanki guda wanda yake zagayawa shekara da shekaru, kuma shi ke da alhakin duk dabbobin da ke ciki, manya da ƙanana. Irin wannan mutum ne ya fi kowa bukatar bindiga ɗaya mai aiki biyu. A shekarar 1878 wani maƙerin birnin Munich mai suna Peter Oberhammer ya yi rajistar ƙirar bindiga mai bututu uku. Siffar da ta fi yaɗuwa daga baya ita ce bututu biyu masu sulɓi a jere, da ɗaya mai tsaga a ƙarƙashinsu.

4.0 Ƙira a Cikin Gida

Garuruwa biyu ne suka yi fice a wannan sana'a: Suhl a yankin Thuringia na Jamus, da Ferlach a kudancin Ostiriya. Duka biyun sun shahara da ƙirar bindigogi tun ƙarni na 16. A Suhl aka kafa kamfanin Sauer a 1751, da na Merkel a 1898. Amma ƙashin bayan sana'ar, musamman a Ferlach, shi ne ƙananan maƙeru da ke cikin gidajen jama'a, inda ɗa yake gadon uba.

Wanda ya ji an ce "a gida aka ƙera" zai iya zaton mutum ɗaya ne ya fara ya kuma gama. A zahiri, rarraba aikin ake yi. Akwai mai yin bututu, da mai haɗa maɗauri da kunama, da mai sassaƙa ƙota daga itacen gyaɗar Turawa, da mai zane a jikin ƙarfe, sannan maigidan da zai harhaɗa ya sa sunansa. Bindiga ɗaya takan zaga gidaje da dama kafin ta isa hannun mai ita.

Dalilin haka yana cikin wahalar aikin. Bututun biyu ba ƙarfi ɗaya suke ɗauka ba, domin matsin da ke tasowa a cikin mai tsaga ya ninka na mai sulɓi sau da yawa, ga shi maɗauri guda ne zai riƙe su. Sannan dole ne duka su nufi wuri guda da saiti ɗaya, abin da ke bukatar a yi ta harbin gwaji ana gyarawa. Bugu da ƙari, idan bututu mai tsaga ya yi zafi yakan miƙe, alhali maƙwabcinsa da ke manne da shi yana da sanyi, sai harbi ya soma kaucewa. Gwanintar da za ta shawo kan waɗannan matsaloli ta fi ƙarfin mutum guda.

Hukuma ma ba ta bar maƙeran da halinsu ba. An buɗe makarantar koyon ƙirar bindiga a Ferlach a 1878, aka kuma kafa gidan gwajin bindigogi a 1882. A Jamus an yi dokar gwaji a 1891, ta fara aiki a 1893. A gidan gwaji akan harba kowace bindiga da ƙarfin da ya zarce na yau da kullum. Idan ta jure a buga mata hatimi, in ba haka ba a hana sayar da ita. Ingila ta riga su, domin gidan gwajin Birmingham ya samu tun 1813. Wannan hatimi shi ne ya raba aikin maƙerin gida da aikin ganganci, tunda bututun da ya fashe hannun maharbi da idonsa yake fara ci.

5.0 Yaɗuwarta

Dabarar ba ta tsaya a ƙasar Jamusawa ba. A Afirka ta Kudu, Turawa 'yan kaka-gida sun yi amfani da mai bututu biyu a jere, har aka laƙaba mata sunan yankin Cape. A Amurka kamfanin Marble ya fito da wata ƙarama a 1908, kamfanin Savage kuma ya fito da samfurinsa mai lamba 24 a 1950, mai arha, don manoma. Sojoji ma sun ɗauke ta a matsayin abin neman abinci ga matuƙin da jirginsa ya faɗi a daji. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin Sauer ya ƙera wa mayaƙan saman Jamus mai bututu uku da aka kira M30. Bayan yaƙin Suhl ta faɗa cikin Jamus ta Gabas, sai sunan Sauer ya koma Eckernförde a 1951, na Krieghoff kuma ya koma Ulm. A 2010 aka shigar da sana'ar maƙeran Ferlach cikin jerin al'adun gado na ƙasar Ostiriya.

6.0 Tabon Tarihin a Harshe

Jamusanci ya ware wa kowace siffa suna. Mai tsaga ita ce Büchse, kalmar da asalinta ke nufin ɗan akwati. Mai sulɓi ita ce Flinte, daga sunan dutsen ƙyastu. Idan aka jera su gefe da gefe sai a sami Büchsflinte, idan aka ɗora ɗaya bisa ɗaya kuma Bockbüchsflinte. Mai bututu uku ana kiranta Drilling, wato ɗaya daga cikin 'yan uku, mai huɗu kuwa Vierling.

Hausa ta aro muhimman kalmominta na wannan fanni daga Larabci: bindiga daga bunduƙiyya, harsashi daga rasas, albarushi daga barud. Sai dai kalmar bindiga ta rufe mai sulɓi da mai tsaga baki ɗaya. Akwai dalilin tarihi da ya taimaka wa hakan. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka na wannan sashe bindigogin zamani, ta bar musu masu sulɓi irin na ƙyastu. Irin waɗannan ne maƙeranmu suka fi sani suka kuma kwaikwaya, shi ya sa sunayen da suka tsiro, kamar adaka da bindigar toka, duk na wannan dangi ne. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 kuma ta haramta ƙera bindiga ba tare da izinin hukuma ba.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa yawan kalmomin Jamusanci ya biyo bayan rarrabuwar sana'a ne da bukatar maharba. Mai fassara doka ko mai rubuta ƙamus da Hausa zai ci karo da wannan giɓi, domin dokar makamai tana bambanta waɗannan bindigogi wajen ba da lasisi. Idan fassara ta kira su duka bindiga, mai karatu ba zai san wadda aka halatta masa da wadda aka hana shi ba. Shawarar wannan maƙala ita ce a gina sunayen a kan cikin bututu, a ce mai sulɓi da mai tsaga, tare da tuntuɓar maƙera da mafarauta kafin a tsayar da su.