Neman asalin ƙwayoyin haihuwa, daga ɓera zuwa ɗakin gwaji

Tun ɗan tayi bai wuce mako uku ba jikinsa yake ware wasu 'yan ƙwayoyi waɗanda nan gaba za su zama maniyyi ko ƙwan haihuwa. A lokacin sau da yawa uwar ma ba ta san ta samu ciki ba, balle masani ya leƙa. Shi ya sa tarihin wannan bincike ya zama na dogaro da wakili, kuma kowane wakili yana da iyakar da ba ya wucewa.

A 1892 August Weismann na Jamus ya ce waɗannan ƙwayoyi daban suke da sauran jiki, su kaɗai ke kai gado ga 'ya'ya. Bin sawunsu a jikin mutum kuwa sai da aka koma ga 'yan tayin da aka samu bayan ɓari ko tiyata, aka adana a cibiyar Carnegie da ke Baltimore. A 1948 Emil Witschi ya duba siraran yanka na waɗannan 'yan tayi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ga ƙwayoyin a bangon jakar gwaiduwa, sannan ya nuna yadda suke ƙaura ta gefen hanji zuwa inda maraina ko gidan ƙwai za su tsiro. Aiki ne mai kyau, amma mataccen nama ba ya faɗin abin da ya sa ƙwaya ta ɗauki wannan hanya. Ga kuma dokar Birtaniya ta 1990, wadda ta hana rainon ɗan tayi a ɗakin gwaji fiye da kwana 14, wato daidai gaɓar da ake son gani.

Sai aka rungumi ɓera, har a 2011 Katsuhiko Hayashi da Mitinori Saitou a Kyoto suka samar da irin waɗannan ƙwayoyi a kwanon gwaji, suka zama maniyyin da ya haifar da 'ya'yan ɓera lafiyayyu. An zaci haka abin yake ga mutum. A 2015 rukunin Azim Surani a Cambridge da na Jacob Hanna a Isra'ila suka gwada da ƙwayoyin mutum, sai ga shi ƙwayar gado mai suna SOX17 ce ke jan ragama, alhali a ɓera ba ita ke wannan aiki ba.

Wani zai ce ai ƙwayar cikin kwano ita ma wakiliya ce, tana iya ɓatar da mu yadda ɓera ya yi. Maganarsa tana kan hanya, kuma bai kamata a raina ta ba. Sai dai wannan karon kayan aikin na mutum ne, ana kuma gwada su da ƙwayoyin gaske na 'yan tayi, da na biri da na alade, don a kama kuskure da wuri. Inda ƙorafin ya fi ƙarfi shi ne kan masu alƙawarin samar da haihuwa daga ƙwayoyin fatar jiki. A 2018 rukunin Saitou ya yi wata huɗu yana rainon ƙwayoyin mutum a cikin naman gidan ƙwan ɓera, iyakar inda suka kai shi ne matakin farko na zama ƙwai.