Lambar da ta ƙaryata Fermat bayan shekara 92

1/ Jama'a, ku dubi wannan lambar: 4,294,967,297. Biliyan huɗu da 'yan kai. Ita ce ta kunyata ɗaya daga cikin manyan masana lissafin Faransa, shekara 67 bayan ya mutu. Ku biyo ni, zare ne 🧵

2/ Akwai lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da 1 ko da kansu, kamar 7 da 13. Mu kira su gagara-rabo. Ita kuwa 15 tana rabuwa, tunda 3 sau 5 ce.

3/ Pierre de Fermat lauya ne a birnin Toulouse, lissafi abin sha'awarsa ne kawai. Ya lura da wani jeri. Fara da 2, ka riƙa ninka kowace amsa da kanta: 2, 4, 16, 256, 65,536. Ƙara 1 a kan kowace: 3, 5, 17, 257, 65,537. Duka biyar ɗin gagara-rabo ne.

4/ A 1640 ya rubuta wa wani abokinsa cewa ya yi imani duk jerin haka yake har abada. A yi masa adalci fa: ya faɗa da bakinsa cewa bai da cikakkiyar hujja. Ta shida a jerin ita ce lambarmu, 65,536 sau 65,536 a ƙara 1. Ba kalkuleta a lokacin, wa zai zauna ya gwada?

5/ Sai 1732. Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan mai shekara 25 da ke aiki a St. Petersburg ta Rasha, ya fito da wannan:
641 × 6,700,417 = 4,294,967,297
Ɗauko wayarka ka buga, za ka gani.

6/ Ba sai an bi lambobi ɗaya bayan ɗaya ba. Daga baya Euler ya nuna cewa duk gagara-rabon da zai raba lambar dole ya zama ninkin 64 da ƙarin 1. Ga su a jere: 193, 257, 449, 577, 641. Gwaji na biyar, magana ta ƙare.

7/ Abin bai tsaya nan ba. Daga ta shida har ta 33 a jerin, an tabbatar dukansu suna rabuwa. Har yau, da duk ƙarfin kwamfuta, ba a ƙara samun gagara-rabo ko ɗaya ba bayan biyar ɗin Fermat.

8/ Amma aikinsa bai tafi a banza ba. Ita 65,537 ana yawan amfani da ita a tsarin RSA, wanda ke cikin hanyoyin tsare bayanai a intanet.

9/ Misali biyar a jere, duk daidai, ga kuma mai maganar Fermat ne, amma na shida ya rushe ta. Ku tuna da 641 duk ranar da wani ya kawo muku misali biyu ya ce ai kowa haka yake.