Iskar Da Ta Taimaka Aka Ga Surar Furotin

Yau za mu leƙa tarihin wata dabara ta masana kimiyya: cusa iskar zenon a cikin kiristal na furotin.

Furotin ya yi ƙanƙanta da yawa, madubin likita ba ya nuna shi. Don haka masana kan daskarar da shi ya zama kiristal, kamar ƙwayar gishiri, su haska masa hasken eksire. Hasken yana warwatsuwa ya bar ɗigo-ɗigo a faranti. Ɗigon na nuna ƙarfin hasken, amma ba ya nuna yadda igiyoyinsa suka riga juna isowa, kuma sai da wannan bayani ake iya zana surar furotin.

A 1953, a Kambirij ta Ingila, Max Perutz ya gano mafita: a liƙa wa furotin ƙwayar zarra mai nauyi, irin ta zaiba, ta zama alama, sannan a gwada ɗigon kiristal mai alama da na marar alama. Ta wannan hanya John Kendrew ya fitar da surar mayoglobin a 1958, su biyun suka samu kyautar Nobel a 1962. Matsalar ita ce, jiƙa kiristal cikin ruwan ƙarfe kan fasa shi ko ya sauya masa tsari, wahalar watanni ta tashi a banza.

A 1965 Benno Schoenborn, tare da Kendrew da Herman Watson, suka nuna cewa zenon na shiga wani ɗan kogo a cikin mayoglobin. Zenon na da nauyi, lambarta 54 a jadawalin sinadarai, kuma da wuya ta haɗu da wani sinadari. Takan zauna a kogon kawai, tsarin kiristal bai taɓu ba. Sai a shekarun 1990 masana a Faransa, irin su Marc Schiltz da Thierry Prangé da Roger Fourme, suka mai da wannan lura hanyar aiki.

Ana saka kiristal a ƙaramin mazubi, a tura iskar da matsi mai ƙarfi na 'yan mintuna. Da an sassauta matsin iskar za ta fara ficewa, shi ya sa ake tsoma shi cikin ruwan naitirojin cikin 'yan daƙiƙu, ya daskare da zenon a ciki.

Mu lura, kusan shekara 30 binciken Schoenborn ya yi yana jiran masu amfani da shi.